Mai Ɗori da Tumbin da Ya Ƙi Sauka

Akwai wani mutum, manomi, a wani ƙauye da ke gindin dutse. Ban da noma kuma mai ɗori ne, ya gaji aikin wurin mahaifinsa. In jaki ya kā da mutum, ko mace ta zame a bakin rijiya ta karye, shi ake kira. Ba ya karɓar ko sisin kwabo, gama mahaifinsa ya bar masa wasiyya cewa wannan aiki baiwa ce, ba kayan kasuwa ba.

Yana da gona a kan dutsen, gonar gado, inda kakansa ya fara sare daji, can ne kuma aka binne mahaifinsa. Hanyarta hawa ce mai tsanani. Babur ba ya zuwa, 'yan ƙodago ma ba sa yarda, sukan ce wahalar ta fi ladan. Al'adar garin kuwa ita ce, gonar da ta yi damina uku ba a sa mata fartanya ba, mai unguwa yakan ba wa wani mai bukata.

Da kwana ya ja, mutumin ya sayi babur, ya daina tafiya a ƙasa, jiki kuwa ya buɗe. Tumbi ya fito, irin wanda ke riga mai shi shiga ɗaki. Gwiwoyi suka fara ƙara. Damina biyu a jere ya kama hanyar gonar, ya kai rabi, ya zauna yana haki, ya juyo gida. 'Ya'yansa duk mata ne, sun yi aure a nesa. Da ya je asibiti, likita ya duba shi ya ce gwiwar ba ta da laifi, kaya ne ya yi mata yawa, sai ya rage ƙiba. A cikin makon kuma mai unguwa ya kira shi gefe, ya tuna masa cikin ladabi cewa damina mai zuwa ita ce ta uku.

To, mutumin nan ba rago ba ne, kada wani ya ɗauka haka. Ya samo gwangwanayen fenti biyu, ya cika su da siminti, ya soka sandar ƙarfe a tsakani. Kowace safiya, in ya gama addu'a, sai ya fita bayan ɗaki ya yi ta ɗagawa har gumi ya jiƙe shi sharkaf. Ya ce wa matarsa ta mai da tuwonsa malmala ɗaya maimakon biyu, ta daina sa masa manja a miya, shayinsa kuma ba sukari. Ya riƙe wannan sosai. Ko ranar Kirsimeti, da aka yanka akuya a gidan, tsoka ɗaya ya ɗauka ya tashi.

Wata huɗu cur yana haka. Damatsansa suka murɗe kamar na maƙeri, kafaɗa ta yi faɗi. Amma tumbi? Ko gezau. Duk ranar kasuwa sai ya je wurin mai sayen hatsi, ya hau sikelin da ake auna buhuna, ya tsaya ƙiƙam mutane suna kallo. Allurar sikelin takan je ta tsaya daidai inda ta tsaya wancan mako.

Abin bai ba shi haushi ba kamar yadda ya ba shi mamaki. Shi mutum ne mai son sanin dalilin abu. Da yatsunsa kaɗai yakan gane inda ƙashi ya tsage a cikin nama, ga shi kuwa jikinsa na kansa ya gagare shi ganewa. Yakan zauna a inuwa, ya ɗaga riga, ya ɗan bubbuga tumbin yana tambayarsa wa ke ciyar da shi a ɓoye. Da fari ya zargi sikelin, ya tafi wata kasuwa ya hau nasu, ya tarar bakinsu ɗaya. Ya ce watakila ƙarfen ne ba nauyi, ya ƙara siminti. Wani ya ce masa ruwan randa mai sanyi ne ke daskarar da kitse, ya koma shan ruwan ɗumi har mako uku, a banza. Har ya fara tunanin ko gado ne, sai ya tuna mahaifinsa siriri ne kamar kara. A ƙarƙashin mamakin nan kuwa akwai tsoro, gama bazara ta shigo, duk sa'ad da ya ɗaga kai ya dubi dutsen sai gabansa ya faɗi.

Wata rana da hantsi matarsa tana wanki a tsakar gida, shi kuma yana shirin fita duba majinyatansa. Sai ta ɗaga rigarsa ta jiya, ta nuna masa wani jan tabo a ƙirji.

Ta ce, "Baban Tabita, wata huɗu ke nan manja bai shiga miyarka ba. Wannan tabon na wane gida ne?"

Ya duba, ya yi dariya, ya ce ai na gidan magini ne, wanda ya faɗo daga katanga. An kawo masa ɗan ƙosai da manja, ya taɓa.

Ta ce, "Ashe kana cin abinci a waje."

Ya ce, "Haba, wane irin abinci? Tayi ne. Godiya ce. Mutum ya ɗora maka ƙafa bai karɓi komai ba, ka ba shi ɗan abu, ya ƙi? Ai raini ke nan."

Ku lura, ba ƙarya yake yi mata ba. Har cikin zuciyarsa, abinci shi ne abin da aka ajiye masa a kan tabarmarsa, a gidansa, ya wanke hannu ya yi godiya ga Allah ya ci. Abin da ya taɓa a gidan mutane, wannan zumunci ne, bai taɓa sa shi a sahun ci ba.

Matar ba ta yi gardama da shi ba. Ta shiga ɗaki ta fito da babban kwano mai murfi da jarka, ta ɗaure masa a bayan babur. Ta roƙe shi abu ɗaya, na yini ɗaya tak: duk abin da aka ba shi ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, amma maimakon baki ya zuba a kwano, ya ce zai kai gida. Shi kuwa da son ganin ƙwaƙwaf, nan da nan ya yarda. A ransa yana cewa ko gindin kwanon ba zai rufu ba.

A gidan magini aka kawo ƙosai da kunun gyaɗa. A gida na biyu, waina da miya. Ya leƙa mahaucin da ya yi targaɗe, aka naɗe masa balangu mai kitse a takarda. A rugar Fulani, inda saniya ta taka wani makiyayi, aka dama fura da nono, aka ɗora man shanu a kai. Wata tsohuwa da ya ɗora wa hannu ta ba shi soyayyar gyaɗa cike da tafi biyu. Kafin ya kai gida na shida murfin kwanon ya ƙi rufuwa, sai da ya ari leda.

Da la'asar ya komo. Matarsa ta shimfiɗa tabarma, ta juye komai, ta aika aka kira maƙwabta. Manya huɗu suka zauna suka ci, suka ƙoshi, har suka rage. Mutumin yana tsaye yana kallo, baki buɗe. Da fari dariya ta kama shi, ya ce lalle da yayyafi kogi kan cika. Sai ya daina dariyar, kunya ta rufe shi, gama ya gane cewa kullum yakan ci abincin mutum huɗu a hanya, sa'an nan ya zo gida ya yi ta fama da malmala ɗaya yana jin kansa jarumi. Saura mako bakwai ruwa ya sauka.

Sanin dalili bai sa abin ya yi sauƙi ba. Ɗaga siminti bai taɓa yi masa nauyi kamar buɗe baki ya ƙi tayi ba. Washegari ya jingine babur, ya tafi a ƙasa gidan tsohuwar nan, ya tarar ta dama masa fura da hannunta mai lafiya. Ya durƙusa a gabanta.

Ya ce, "Iya, na gode, Allah ya sāka. Amma in na ci gaba da shan wannan, gonar babana ce nake shanyewa."

Ya bayyana mata duka. Tsohuwar ta janye furar daga gabansa, har ya tabbata ranta ya ɓaci. Can ta ce, "To, ɗana, me ya hana ka faɗa tun bara? Mu mun ga kana lashe kwano, muka ce so kake yi."

Ita da kanta ta baza maganar a gari. Waɗansu suka gane, waɗansu suka ji zafi. Mahaucin ya yi mako biyu ba ya amsa gaisuwarsa, abin kuwa ya dame shi ƙwarai. Amma ya daure, yana zagaya majinyata a ƙasa, yana ɗaga ƙarfensa, allurar sikeli kuma ta fara ja da baya kaɗan-kaɗan.

Da ruwan shuka ya sauka, ya ɗauki fartanya da iri ya kama hanyar dutse. Sau biyar yana zama ya huta. Rana ta take tsaka kafin ya sa ƙafa a gonar, amma ya sa. Sai dai mako bakwai ba ya gyara ɓarnar shekaru. Ƙarfinsa ya kai ga rabin gonar ne kawai, na sama, wajen kabarin mahaifinsa. Rabin ƙasa kuwa mai unguwa ya ba wani, bisa ga al'ada. Mutumin ya tsaya a kan iyakar, ya yi kuka, ya kuma yi godiya ga Allah da ba duka ta tafi ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa. Tun da fari, kada wani ya fita daga nan ya ce malamin Lahadi ya ce ƙiba zunubi ce. Ban faɗa ba. Akwai mai ƙiba saboda ciwo, akwai wanda haka Allah ya yi shi, wannan maganar likita ce. Ni maganar zuciya nake yi.

Gonar nan ita ce abin da Ubangiji ya danƙa wa kowannenmu, aure ne, ko 'ya'ya, ko hidima, ko sunan kirki. Ɗaga ƙarfe da rage tuwo su ne addu'armu da azuminmu da zuwa sujada, abubuwa ne masu kyau, da su mutumin ya samu ƙarfin riƙe fartanya. Amma da yawa cikinmu muna yin waɗannan duka shekara da shekaru, muna mamaki me ya sa fushi bai ragu ba, me ya sa hassada tana nan daram. Har mu fara zargin fasto, ko mu ce wani ne ya yi mana asiri.

Dalili kuwa shi ne abin da muke haɗiya a hanya, wanda muka raɗa wa suna mai daɗi. Gulma ce, mu ce muna ba da labari ne domin a yi wa mutum addu'a. Ƙarya ce, mu ce kara muka yi. Mun san zaman da muke yi da waɗansu yana ɓata mu, amma kunyar tashi ta fi mana tsoron Allah. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma ba mai ganin tabon rigarsa da kansa, saboda haka in mai ƙaunarka ya nuna maka, kada ka yi fushi da shi.

Ga aikin da na ba ku. A makon nan ku zaɓi yini ɗaya. Duk maganar da kuka ji daɗin saurara, duk abin da kuka kalla, duk abin da kuka yi domin kada a ji haushinku, kada ku ba shi uzuri, ku tara shi wuri ɗaya. Da yamma ku juye shi a gaban Ubangiji, ku kira kowanne da ainihin sunansa. Kada ku ce sai an jima. Mutumin nan wata huɗu kawai ya ɓata yana zargin sikeli, ya rasa rabin gonar ubansa. Waɗansunmu da ke zaune a nan mun fi shekara goma.