Sarkin da Ake Sunkuya wa Ranar Juma'a

An ce wani sarki ya yi zamani a wani birni mai ƙofofi da yawa, kuma babu abin da ke faranta masa rai kamar tafiya masallaci ranar Juma'a. Duk inda ya ratsa sai ya ga jama'a sun sunkuya, manya da yara, har wasu suna rarrafe. Sai ya riƙa shafa gemu yana cewa a ransa, ko kakansa bai sami irin wannan ƙauna ba.

Abin da bai sani ba, wazirinsa ne ke tura barori gaba suna barbaɗa anini da kwabo a cikin ƙura, barorin su ɓace kafin sarki ya iso.

Wata Juma'a sarki ya hangi wani tsoho tsaye ƙyam a tsakiyar masu sunkuyo, yana dogare da sanda. Malam Jatau ne, mai karantarwa a bakin marina. Aka kai shi fada, waziri ya nemi a kore shi daga garin kafin faɗuwar rana. Sarki ya ce a bari tukuna ya ji dalilin wannan taurin kai.

Tsohon ya ce, "Ya sarki, ni ma na so in sunkuya. Nawa ne bai faɗo ba. Wanda ya gangaro kusa da ni, wata mai tallan gyaɗa ta taka shi da ƙafa."

Sarki ya tambaya mene ne ya gangaro.

"Abin da ke koya wa mutanenka ladabi, ranka ya daɗe. Ƙarami ne, ba shi da baki, amma da ya taɓa ƙasa kowa ya ji kiransa."

Waziri ya yi tari, ya ce tsufa ne ya taɓa kan mutumin. Sarki ya daɗe yana duban waziri, sannan ya yanke cewa Juma'a mai zuwa waziri da barorinsa duk a bayansa za su tafi. In jama'a sun sunkuya, malam ya bar gari.

Ranar ta zo. Sarki na fitowa kowa ya duƙa, waziri ya fara murmushi. Amma sarki ya lura hannuwa ne ke lalube cikin ƙura. Da ba a sami komai ba, sai aka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya ana kakkaɓe gwiwa.

A ranar ya fara ganin fuskokin mutanensa: kumatu a lotse, leɓɓa a bushe, wani dattijo da shatin bulala a wuya. Su ma a ranar suka fara ganin tasa. Wata mata ta zunguri maƙwabciyarta ta ce, "Ke Talatu, wai wannan ne sarkin? Ashe ɗan gajere ne."

Sarki ya ji, ya ƙi yin fushi. Ya tsaya nan cikin rana ya tambayi dattijon wa ya doke shi, sai ga koke-koke sun biyo baya har liman ya aiko ana jira.

Da yamma ya sallami waziri daga aiki, ya ce Malam Jatau ya koma wajen ɗalibansa, ba mai korarsa. Ya tambaye shi ko akwai abin da zai ƙara.

Tsohon ya ɗauki sandarsa ya ce, "Ya sarki, wanda ƙeyar talakawa kawai yake gani ba zai san wanda aka zalunta ba. Adalci a fuska ake karanta shi."