Telar da Ba Ta Ɗinki Sai Ta Jiƙa Ƙyalle

Akwai wata tela da ake kira Ban-Yarda-Ba. Ko sallama ka yi mata, sai ta leƙa bayanka ta ga da wa ka zo. Dokarta ɗaya a shago: duk yadin da aka kawo, sai ta yanki ɗan ƙyalle a gefe ta jiƙa a kofi ta ga ko yana zuba, kafin almakashi ya shiga.

Wata safiya tana wanka ta ji wani ƙulli a nononta na hagu, kamar maɓallin riga.

Ƙanwarta, malamar firamare, ta ja ta asibiti da ƙyar. Aka yi hoto. Likitar ta ce hoto bai isa ba, sai an sa allura an ɗebi 'yar tsoka daga ƙullin, a duba ko ciwon daji ne.

"'Yar tsoka? Haka kuke farawa. Yau 'yar tsoka, gobe in farka ba nono. An ce ma in allura ta taɓa shi, fusata yake ya bazu."

"Baiwar Allah, ba allurar ce abin tsoro ba, jinkirin ne," in ji likita.

Tela ta kalli likita, ta kalli ƙanwarta. "Kun san juna da ma, ko?"

Ta suri mayafi ta fice.

Sati uku ba mai iya ta da zancen. Tana taka keken ɗinki, hannu na kaiwa ƙirji a ɓoye.

Ran nan sai ga ƙanwar da wani jan yadi mai ratsin fari, ta shimfiɗa a tebur.

"Yaya, ɗinka min yau. Amma kar ki yanki ƙyalle."

"Saboda me?"

"Haka kuke farawa. Yau ƙyalle, gobe in zo ba yadi. Ki duba da ido kawai."

"Ke, ido ya san yadi? Wani ka gan shi kamar na kirki, ruwa na taɓa shi ya tona masa asiri. Ƙyalle kamar farce zai rage ki da me? Sai kin ɗinka ya lalace ki zo kina..."

Ta tsaya. Almakashi a hannu, baki a buɗe.

"Ƙarasa mana, Yaya."

"Munafuka. Yadin ma na labulen ajinku ne, na gane shi."

Washegari da sassafe suna asibiti. Amma hali na nan. Sai da aka nuna mata allurar a ledarta. Aka sa mata maganin kashe zafi a wurin, ta ji ƙarar "ƙyas" sau uku, aka manna filasta.

"Saura yankan," in ji ta.

"An gama. Tashi," in ji likita.

Ta leƙa cikin riga ta ƙirga. Biyu cif. Duk da haka ba ta tafi ba sai da nas ta rubuta sunanta a jikin kwalbar da aka sa 'yar tsokar, a gabanta.

Bayan kwana goma sakamako ya fito. Dajin ne, amma ƙarami, bai je ko'ina ba. Aka cire ƙullin, aka bar mata nononta, ta bi sauran maganin har ƙarshe. Likita ta ce da ta ƙara wasu watanni tana zargin mutane, da zancen ya canza.

Da ta koma shago, sai ga likitar da yadinta.

"Sauri nake, yanka kawai."

Ban-Yarda-Ba ta jawo kofi. "Likita, kwanta... au, zauna. Sai na ɗebi 'yar tsoka."

Darasi: In zargi za ki yi, ki zargi ƙullin, ba mai son duba shi ba. 'Yar tsokar da za a ɗiba ita ke faɗin gaskiyar da ido da hoto ba sa faɗa. Ku tura wa yayye da ƙanne, musamman waccan mai taurin kan da kuka tuna yanzu.