Ranar da Tasi'u Ya Kai Ƙarar Kansa

An yi wani mutum, jama'a, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan kama sunansa ba. Na baya ku matso, ku matso! Labarin nan ba na zamanin ayari da raƙuma ba ne, na zamanin nan ne da kowa ke yawo da waya a aljihu. Sunansa Tasi'u. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. In ya wuce ku a kan tsohon babur ɗinsa, da jakar kayan aiki a ɗaure a baya, ba za ku waiga ba. Sana'arsa haɗa wa mutane intanet a gidaje. Shi ne mai hawa tsani ya ja waya, ya kafa 'yar akwatin nan mai ƙahoni da fitilu masu ƙyaftawa da ake ce wa rauta, wadda ke raba intanet ga na'urorin gida.

To, a garin akwai wani ɗan kasuwa, Alhaji Badamasi, mutum mai kyauta amma mai saurin fushi. Mahaifiyarsa, Hajiya Yalwa, tana zaune a ɗakin can ƙuryar gidansa. Ta tsufa ƙwarai, idanunta sun tafi. Sai ya sayo mata wata 'yar lasifika mai jin magana, ba ta fi gwangwanin madara girma ba. Ka yi mata magana ta amsa maka! Ta gaya maka lokaci, ta sako maka ƙira'a, ta sako maka wa'azi. Tsohuwar nan da ba ta taɓa shiga aji ba, sai da ta haddace kalmomin Turanci guda uku don ta riƙa ba abin nan umarni. In ta faɗe su ya amsa, sai ta yi ta dariya tana tafi, tana cewa, “Kun ji ja'ira, ta fi jikokina jin magana!” Makauniya ce, ba ta fita. Wannan lasifika ita ce abokiyar hirarta tun daga hantsi har la'asar.

Akwai kuma wata baiwar Allah, Tabawa, bazawara ce mai 'ya'ya huɗu. Shekara shida tana kula da Hajiya: ta yi mata wanka, ta dama mata kunu, ta riƙe hannunta zuwa alwala. Da wannan aiki take ciyar da marayunta.

Rannan Alhaji ya kira Tasi'u ya ce intanet ɗin gidan ya yi nauyi, in yana magana da abokan cinikinsa hoto sai ya riƙa tsayawa. Tasi'u ya zo ya cire tsohuwar rauta ya kafa sabuwa. Yanzu ku saurara da kyau, don a nan maganar take. Ku dattawa kun san rediyo, kun san gajeren zango da matsakaicin zango. In tasha tana wannan zango kai kana laluben ta a wancan, ko ka kwana kana murɗawa ba za ka same ta ba. To ita ma rauta zango biyu take watsawa a kai. Ɗaya ana ce masa biyu da ɗigo huɗu: ba shi da gudu sosai, amma yana tafiya nesa, yana ratsa bango. Ɗayan ana ce masa biyar: gudu kamar walƙiya, amma bango biyu uku sun ishe shi. Tasi'u ya duba wayoyin gidan da talabijin, ya ga duk suna kama biyar. Sai ya ce a ransa, bari in kashe wancan mai nauyin, kada wayar Alhaji ta riƙa komawa kansa. Ya kashe. Bai tambaya ba ko akwai wata na'ura a cikin gida. Alhaji ya gwada, hoto ya fito tar, ya yi murna, Tasi'u ya hau babur ya tafi.

Ashe, jama'a, ashe lasifikar Hajiya ba ta san biyar ba! Masu ƙera ta a kan zango ɗaya suka gina ta, wanda aka kashe ɗin nan.

Ku ji yadda ƙaddara take haɗa abu. A wannan safiya Tabawa ta ga ƙura a jikin lasifikar, ta ɗauko jiƙaƙƙen tsumma ta goge ta. Da Hajiya ta idar da walaha ta faɗi kalmominta uku, shiru. Ta sake, abin ya yi wani ɗan gunaguni da Turanci ya yi shiru. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana uku. Tsohuwa ta daina dariya, ta rage cin abinci, sai ta juya fuska bango ta kwanta.

Alhaji ya dawo daga tafiya ya tarar da uwarsa a haka. Ya ce, “Wa ya taɓa abin nan?”

Tabawa ba ta iya ƙarya ba. Ta durƙusa ta ce, “Alhaji, ni ce na goge ta da tsumma mai ruwa. Ban san ba a yi ba.”

Wayyo! Sai ya hau ta da faɗa a gaban matarsa da 'ya'yansa da direbansa. Ya ce mata baƙauya, ya ce mata mai ɓarna, ya ce ta tattara kayanta. Hajiya ta sa baki daga ɗaki, ya ce, “Hajiya, ki bar ni da ita, don ke nake yi.” Sannan ya buga wa Tasi'u waya ya ce ya zo ya duba ko abin zai gyaru.

Tasi'u ya iso da hantsi. A zaure ya tarar da Tabawa zaune a ƙasa, ƙullin kayanta a gabanta, idanu sun kumbura. Ya ce, “Inna, lafiya?” Ta ce, “Ɗan nan, na ɓata wa Hajiya abin karatunta. Don Allah in zai gyaru ka gyara mata, ko bayan na tafi ta samu abin ji.”

Aka yi masa iso har ɗakin tsohuwa, ɗakin da bai taɓa shiga ba. Ya gaishe ta, ya ɗauki lasifikar, ya juya ta, ya karanta ɗan rubutun da ke gindinta. Jama'a, me zai gani? Ga shi nan a rubuce ɓaro-ɓaro: biyu da ɗigo huɗu kaɗai. Ya shinshina, babu ƙauri. Ya girgiza, babu ruwa. Lafiyarta ƙalau. Nan take ya gane wanda ya yi ɓarnar, kuma mai ɓarnar yana tsaye a cikin takalmansa.

Alhaji yana bakin ƙofa, ya ce, “Ruwa ne ko? Ai na sani. In ta gyaru gyara, in ba ta gyaru ba a sayo wata. Ita dai waccan ta gama aiki a gidan nan. Ka yi sauri, don ina so mu je ka ga sabon benen da na gina a bakin kasuwa, ofis goma sha biyu, kai za ka haɗa musu intanet gaba ɗaya.”

Ku saurara! Ku saurara, bayin Allah! Gyaran nan yana cikin wayar Tasi'u, don da ita zai kunna zangon da ya kashe. Taɓawa ɗaya da ɗan yatsa, shi ke nan. Sai Shaiɗan ya matso kusa da kunnensa ya ce: fita da ita rana, ka ɗan hura ta, ka kwance ƙusa biyu ka mayar, sannan ka taɓa wayarka a ɓoye. Ka ce ruwa ne ya bushe. Ka zama gwani, ka samu benen. Wa zai sani? Alhaji bai san zango ba. Hajiya ba ta gani. Ita kanta Tabawa ta riga ta amsa laifi da bakinta, har ga Allah ta yarda ita ce. A duk faɗin duniyar nan babu mahalukin da ya san gaskiyar maganar sai shi kaɗai. Kuma aikin benen nan, shekara guda yana addu'ar irinsa.

Tasi'u ya sake duban rubutun nan. Sai ya ajiye lasifikar a kan tabarma ya ce, “Ranka ya daɗe, ina roƙon alfarma. A kira Inna Tabawa, a kira duk wanda yake wurin lokacin da aka yi mata faɗa.”

Alhaji ya ce, “Me ya kawo wannan?”

Ya ce, “Gyaran ba zai yi ba sai suna nan.”

Aka taru, har direba. Tasi'u ya ɗaga wayarsa sama yadda kowa zai gani, ya taɓa, ya ɗan jira fitilar rauta ta daidaita. Ya ce, “Hajiya, yi mata magana.” Tsohuwa ta faɗi kalmominta uku da sanyin murya. Allahu Akbar! Sai ga ƙira'a ta cika ɗaki! Hajiya ta tashi zaune zumbur tana, “Ta dawo! Ta dawo!” Yara suka hau tsalle, matar Alhaji ta rangaɗa guɗa.

Tasi'u ya ce, “Ku dakata.” Ya sake taɓawa. Jim kaɗan, ɗif, karatu ya yanke. Ya sake taɓawa, aka jira, karatu ya dawo. Ya ce, “Kun gani? Ban kwance ta ba, ban shanya ta ba. Ruwa bai shiga abin nan ba. Ranar da na kafa sabuwar rauta ni na kashe zangon da take kamawa, ban tambaya ba ko akwai wata na'ura a gidan. Sakacina ne. Inna Tabawa ba ta ɓata komai ba. Alhaji, in akwai wanda za a kora, ga ni.” Ya juya ya durƙusa gaban matar nan ya ce, “Inna, kwana uku kina ɗauke da kayan da ni na ɗaure. Ki yafe mini.”

Sai hawaye suka zubo wa Tabawa.

Kuna zaton Alhaji ya rungume shi? Ina! Kunya ta kama shi a gaban iyalinsa, kuma kun san mai zafin rai, in kunya ta kama shi fushi take komawa. Ya ce, “Kai ne ka sa uwata ta kwana uku ba ta ci abinci ba? Kai ne ka sa na wulaƙanta baiwar Allah a banza? Ɗauki jakarka! Benen kuma ka manta da shi.”

Tasi'u ya ce, “Na ji, ranka ya daɗe. Amma a bar ni in ƙarasa aikina.” Ya zauna ya raba wa zangon biyu suna, kowanne da nasa, ya nuna wa matar gidan wanda na Hajiya ne, ya ce ko wa ya zo gyara nan gaba a gaya masa kada ya kashe shi. Ya zaga gidan ɗaki ɗaki yana tambaya, abin da ya kamata ya yi tun farko. Sannan ya rataya jakarsa.

Sai tsohuwa ta ɗaga murya. Ba ta kama sunan ɗanta, ɗan fari ne. Ta ce, “Kai wannan, zo nan. Yaron mutane ya durƙusa a kan laifin da bai yi da gangan ba. Kai da ka zagi mace da bakinka, kana tsaye?” Jama'a, Alhaji Badamasi, mai benaye, mai motoci, ya cire hularsa ya mayar, sannan ya sunkuya ya ce, “Tabawa, na zalunce ki. Ki yi haƙuri, ki mai da kayanki ɗaki.”

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce washegari Alhaji ya aika aka kira Tasi'u aka ba shi benen. Bai aika ba! Wani aka ba. Tasi'u ya koma gida ya gaya wa matarsa, ta ce, “Da ka yi shiru fa?” Ya ce, “Da yanzu marayu huɗu suna kuka, ni ina cin tuwo da kuɗin hawayensu.” Ta tura masa kwano ta ce, “Ci, Malam, wannan halal ne.”

Tabawa kuwa ta ƙara shekara biyar a gidan, a kan cinyarta Hajiya Yalwa ta cika. Kuma duk gidan suna, duk gidan biki da ta shiga, sai ta ba da labarin mai gyaran da ya kai ƙarar kansa. A hankali mutanen garin in za su kira wanda zai shiga musu har ƙuryar gida, sai su ce a kira wancan. Bai yi arziki ba, amma bai ƙara zama ba aiki ba har ƙarfinsa ya ƙare.

To, jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Gaskiyar da ake faɗa don an kama ka, kowa ma yana faɗar ta. Gaskiyar da Allah yake auna bawa da ita, ita ce wadda babu wanda ya sani sai kai, kuma faɗar ta za ta ci maka wani abu. Kai bakanike, da ka manta ba ka ɗaure ƙusa ba ka ce direba ne bai iya tuƙi ba. Kai tela, da ka yanka yadi ba daidai ba ka ce mai kayan ne ya kawo bai isa ba. Ke ma'aikaciyar asibiti, kai shugaban ofis da kake barin na ƙasa da kai ya sha faɗan kuskurenka. Ilimin da Allah ya ba ka wanda mutane ba su da shi amana ce, ba labulen ɓuya ba ne. Ku kuma masu gida, kafin ku ɗaga murya a kan wanda ba shi da mai tsaya masa, ku bincika. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yau in kun koma gida kowa ya duba ƙarƙashin ƙafarsa. In akwai wanda yake ɗauke da laifinka, je ka sauke masa kafin rana ta faɗi, don akwai ranar da za a sauke masa ko kana so ko ba ka so, kuma a ranar ba a biya da haƙuri.

Allah ya ba mu ikon faɗar gaskiya ko da a kan kanmu ne. Ku ce amin!