Matsamin Mai Abinci Ranar Kusufi

Akwai wani masanin taurari a wata jami'a da ya mai da tashar mota ajinsa. Duk Asabar zai zauna kan benci da lemo biyu a hannu, ɗaya rana ɗaya wata, direbobi da 'yan dako sun kewaye shi suna ta tambaya.

Shugaban sashensu kuwa abin haushi yake ba shi.

"Malam, kana zubar mana da girma. Ɗan dako da ilimin sama? Ɓata yawu ne kawai."

Malam sai ya yi murmushi. Shekara goma sha bakwai yana haka, har Allah Ya karɓi abinSa.

Bayan shekara guda aka yi kusufin rana. Shugaban ya sayo tabarau na musamman guda ashirin, na manyan baƙi kaɗai. Ashe makarantu sun kwaso yara sama da ɗari uku zuwa filin jami'ar.

Rana ta fara raguwa, yara suka fara ɗaga kai. Shugaban ya san kallonta da ido tsirara na iya makantar da yaro har abada. Ya hau zuba manyan kalmomi a lasifika, babu mai fahimta.

Sai ga mai abincin tasha, wadda ta biyo direbobin da suka kawo yaran, ta ratso taro da matsamin tsane shinkafa.

"Kai, 'ya'yana! Ku juya wa rana baya! Ƙasa za ku kalla, haka Malam ya koya mana!"

Ta ɗaga matsamin. Hasken kowane huji ya sauka a ƙasa kamar ɗan jinjirin wata, rututu. Yara suka sa ihun murna. Direbobi suka hau huda kwalaye, kowa ya ja yara goma gabansa yana bayani tiryan-tiryan. Wallahi abin gwanin daɗi!

Shugaban ya matso. "Baba, ni dai..."

"Ranka ya daɗe, ɗan matsa. Inuwarka ta tare wa yara."

Ya matsa, kunya ta rufe shi. Har rana ta dawo, yaro ko ɗaya bai sake ɗaga kai ba, kowa ya koma gida da idonsa lafiya.

Darasi: Kada ka raina wanda zai koya, kada kuma ka yi rowar abin da ka sani. Wanda ka koya wa yau shi zai tsaya a inda ba ka nan. Ku tura wa malamin da ya taɓa zama da ku ya yi muku bayani.