Shari'ar Dorinar Kogin Sarki Tankari

A zamanin da, tun koguna suna cika har su yi ambaliya, tun mutum yana iya kama tarwaɗa da hannu a bayan gidansa, an yi wani sarki ana kiransa Tankari. Birninsa a bakin wani babban kogi yake, kogin kuwa cike da dorinai. Mutanen garin sun tashi sun gan su, iyayensu ma haka. Da hantsi dorinai suna kwance a gurbi, masunta suna ratsawa nesa da su, kowa ya san iyakarsa.

Sarki Tankari bai daɗe da hawa gadon mahaifinsa ba, sai wani attajiri mai suna Gambo ya roƙi fadamar bakin kogi, aka ba shi. Ya sa aka nome ciyawar da dorinai suke kiwo, ya shuka rake da shinkafa har bakin ruwa. Dorinai suka fito kiwo ba su tarar da ciyawa ba, suka ci abin da suka tarar. Ana cikin haka, wata dorina ta kife jirgin Gambo mai ɗauke da rake, matuƙa biyu suka halaka.

Gambo ya zo fada ya faɗi, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, dabba ta cinye dukiyata, yau kuma ta ci rai. In an bar ta, gobe garin za ta shigo."

Ran Sarki ya ɓaci. Ya sa aka yi shela cewa kafin wata ya mutu kada a bar dorina ko ɗaya a kogi, kuma masunta ne za su nuna wa maharba gurbinsu.

Sarkin Ruwa a lokacin wani tsoho ne, Baushe. Da shela ta iske shi sai ya taho fada, ya warware rawaninsa, ya ajiye a gaban Sarki. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mahaifinka ne ya naɗa mini wannan. Ga shi na mayar. Ba zan nuna gurbi ba, kuma babu masuncin da zai nuna."

Sarki ya ce, "To, wanda ya zaɓi dorina a kan umarnina, ya bi ta su zauna. Nan da kwana bakwai a tashi unguwar masunta duka."

Waziri Bagudu, wanda ya yi wa sarakuna biyu waziranci, ya gyara zama ya ce, "Zaki, hukuncinka daidai ne in laifi ya tabbata. Sai dai a wannan zaure ba a taɓa yanke wa kowa hukunci ba a ji ta bakinsa ba. An ji Gambo, ba a ji dorina ba. Tun da ba ta iya zuwa fada, a bar Baushe ya tsaya mata."

Sarki ya yi murmushi duk da fushinsa, ya ce a bar shi ya faɗi.

Baushe ya ce, "Ba ni da dogon zance, tambaya ɗaya ce. Wane manomi ne yake huɗa ba garma, yake kai taki ba jaki, kuma in amfani ya yi, wasu ne suke girbe?"

Malaman fada suka duƙufa. Wani ya ce ruwan sama, wani ya ce gara, wani ya ce uba mai 'ya'ya da yawa. Baushe yana girgiza kai. Sarki ya ce ya faɗi amsa, tsoho ya ce amsar ba a faɗinta, sai dai a gani.

Nan Waziri ya sami ƙofar da yake nema. Ya san mahaifiyar Sarki 'yar wani ƙauye ce, Tafkin Gwaiwa, tafiyar yini biyu a jirgi, kuma da labarin wannan tafki ta rene shi: ruwa garau har ana ganin yashi, bado ya yi fari fat, giwan ruwa wanda sai mutum biyu suke ɗauka. Sarki bai taɓa zuwa ba, kullum yana cewa sai an sami sarari. Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai sauran kwana bakwai. Mu kai ka ka ga garin mahaifiyarka Mai Babban Ɗaki, Baushe ya tuƙa mu, ya nuna mana amsarsa a hanya."

Sarki ya yarda da murna. Suka tashi da sassafe, jirage uku, har da Gambo. Yini na farko suka bi ta wasu hanyoyi masu faɗi a cikin ciyawar ruwa, kifi yana tsalle, tsuntsaye suna tashi gabansu. Yini na biyu hanya ta fara ƙuntata. Kafin azahar ciyawa ta rufe ko'ina, jirgi ya ƙi gaba, sai da dogarai suka shiga suna sara. Ruwan baƙi ne mai wari, sauro ya yi musu ca tun rana tsaka. Da la'asar suka iso wani tudu mai kangaye da wata tsohuwar tsamiya.

Baushe ya kafe sandar tuƙi, ya ce, "Mun iso, ranka ya daɗe. Nan ne Tafkin Gwaiwa. Wancan kangon da ke gindin tsamiya, nan aka haifi mahaifiyarka."

Sarki ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ina tafkin?"

"A kansa muke," in ji Baushe. "A nan aka haife ni nima. Ina saurayi mai garinmu ya ce a kashe dorinai saboda gonakin albasa. Ni na shiga gaba, don na fi kowa sanin gurbi. Goma sha ɗaya muka kashe a rani guda, aka yi mini kiɗa, aka ba ni riga. Ba mu san su ne suke tattake ciyawa su buɗe wa ruwa hanya ba. Ba mu san kashinsu ne abincin ƙananan kifi ba. Shekara uku hanyoyi suka toshe, kifi ya ƙaura, zazzaɓi ya shigo. Na binne uwata da ƙannena biyu a kan tudun nan. Waɗanda suka rage muka watse. Ga manomin da na tambaya, ranka ya daɗe. Na taɓa kashe shi sau ɗaya, na ga abin da ya biyo baya."

Sarki ya sauka, ya taka har gindin tsamiyar, ya dafa bangon da ya rage. Babu wanda ya bi shi. Da ya dawo idanunsa sun kaɗa, ya zauna a bakin jirgi ya ce, "Saura maganar rai biyu."

Waziri ya sa aka kawo wani matuƙi da ya tsira ranar da jirgin Gambo ya kife, wanda dama ya sa aka taho da shi cikin tafiyar. Mutumin ya durƙusa ya ce, "Mun gaya wa maigida gurbin nan akwai mai jego, a zagaya. Ya ce zagaye zai sa kasuwa ta tashi, mu ratsa. Muka shiga tsakaninta da ɗanta."

Gambo ya sunkuyar da kai, bai musa ba.

A nan bakin ruwan Sarki ya yanke hukunci, bai jira an koma fada ba. Ya janye shela, ya kuma fasa tashin unguwar masunta. Ya ce Gambo ya ɗauki nauyin iyalan mamatan har 'ya'yansu su girma, ya kuma ja gonarsa baya taki ɗari biyu, a bar wa dorinai makiyayarsu. Ya ce a gina ganuwar ƙaya tsakanin gona da ciyawa, masu gona da masunta su haɗu su yi. Sannan ya karɓi rawanin daga hannun Waziri, wanda ya taho da shi a cikin jakarsa, ya naɗa wa Baushe da hannunsa.

Baushe ya roƙi abu ɗaya, a ba shi mutane duk rani su zo su sare ciyawa daga kogi zuwa tafkin. Aka ba shi. Shekara tara yana zuwa, har ƙarfinsa ya ƙare, har idonsa ya rufe, ana kawo shi a zaunar a gindin tsamiya yana jin ƙarar lauje. A rani na goma, wata safiya masu sara suka tsaya cak. Can cikin hanyar da suka buɗe wani abu ya yi huci, ya yi gurnani mai kauri, wani ƙarami ya amsa.

Tsoho ya karkata kunne, ya ce, "Mace ce, da ɗanta. Ku ajiye laujen nan, ku ja baya a hankali. Mai aikin ta zo, ku mai da ni gida."