Yadda Aka Kafa Gawon Akuya

Tun zamanin da giwa ke kiwo a inda kasuwarmu take yanzu, an yi wani maharbi ana ce masa Tunau. Tunau na Hassu, baka bakwai, dodon gwanki! A harbi dai ba a ja da shi. Bakinsa ne kawai ya fi kibiyarsa sauri.

Shi ya jagoranci gida goma sha biyu da suka baro ƙasar da ta gaji, suka sauka bakin wata fadama. Cikinsu akwai tsohuwa Tabawa, mai awaki uku. Ta duba wurin ta ce, "Ƙasar da ta ƙi gawo ba ta riƙe gero. In bai tsiro ba kafin wata ya mutu, mu ƙara gaba." Mutane kuwa duk ƙafa ta kumbura, ba mai son jin tafiya.

Tunau ya bugi ƙirji. "Inna, ni ko tsakuwa na tofa wa yawu sai ta yi ganye."

Ya binne ƙwayar gawo ɗari, ya yi musu kirari, ya turara musu gashin kura. Ruwa ya sauka sau uku. Ko ɗaya ba ta leƙo ba.

Saura kwana biyu wata ya mutu, da tsakar rana mutane na wajen itace, ya bi ta turken awakin Tabawa. Sai ga tsiron gawo birjik, kowanne da 'yan kunnuwa biyu kore shar. An ce maharbin da bai taɓa durƙusa wa zaki ba ya durƙusa ya daɗe yana kallo. Daga nan fa halin ya motsa: ya kwashe su da ƙasarsu, ya dasa a feginsa, inda ya binne nasa, ya sa aka buga ganga.

Jama'a suka taru ana guɗa. Tabawa ta tsuguna, ta tono guda a hankali, ta ɗaga. Ga saiwa ta fito ta tsakiyar kashin akuya.

"Ɗana, wannan ne yawun naka?"

Tunau ya sosa ƙeya. "Inna, ai tare muka yi aikin."

"Kai da wa? Awakina ne suka ci 'ya'yan gawon da muka zo da su. Ƙwayar gawo taurin kai gare ta, sai ta ratsa cikin dabba take buɗewa."

Aka yi dariya har da faɗuwa, amma ba wanda ya sake ɗaure kaya. Garin ya zama Gawon Akuya. Har yau ba mu shuka gawo sai awaki sun fara ci, kuma kwandon kashin, jikokin Tunau ke ɗauka, ana biye da su ana yi musu kirarin kakansu.