Kan Kifin da Alhaji Sufyanu Ya Kasa Ƙi

A garin Yelwa ta Yawuri akwai wani dillalin kifi mai suna Alhaji Sufyanu. Mutum ne mai kyauta da faran-faran, jiragensa na ruwa na zuwa har Warra suna kwaso bandar kifi, amma yana da hali guda da ya fi ƙarfinsa: ba ya son a ga kasawarsa. Gara ya kwana da ciwo da a ce masa sannu. Ga shi ƙato na gaske, in ya sa ƙafa a jirgi sai matuƙi ya ce wa fasinjoji su koma ɗaya gefen. Shi kuwa sai ya yi dariya, ya shafa tumbi, ya ce ai wannan ita ce shaidar arziki.

Shaidar arzikin nan ce ta jawo masa ciwon suga da hawan jini, gwiwoyi suka gaji da ɗaukarsa, har salla ta koma a kan kujera. Da abin ya yi tsanani, likitoci a wani asibiti a Abuja suka yi masa aiki, suka rage masa tumbin da abinci ke sauka a ciki, abin da ya saura bai fi ayaba ba. Ranar sallama likita ya zaunar da shi da matarsa Sa'adatu ya ce, "Alhaji, ɗinkin da ke ciki ɗanye ne. Romo tatacce, kunu mai ruwa, nono, su ma kurɓi kaɗan-kaɗan. Kada ka taɓa abu mai tauri sai mun ce. In ka ji zazzaɓi ko zuciya na bugawa da sauri, kada a jira."

Alhaji ya ce ya ji. Amma tun a mota ya kafa wa Sa'adatu doka: kowa ya tambaya, sayen injin jirgi ya kai shi Abuja. Mahaifiyarsa Inna kaɗai aka yarda ta sani. A ganinsa babu abin kunya kamar a ji cewa namiji kamarsa ya kasa riƙe bakinsa sai da aka yanka shi.

Tunda ya dawo gida zama ya gagare shi. Ya shiga ɗaki, ya fito tsakar gida, ya leƙa madafa, ya koma. Cikin ba ya jin yunwa, ido ne da hanci suka ƙi haƙura, ga ƙanshin banda iska na kawowa daga bakin ruwa. Kullum sai ya ƙara ɗaure tazugen wando, ya tsaya gaban madubi yana jan fatar wuyansa. Suga ya fara sauka, gwiwa ta yi sauƙi, amma duk wannan bai gani ba. Ramar kawai yake gani.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne ciyayya. Shekara da shekaru, in an idar da Magariba, maƙwabta kan fito da tirensu su haɗu a tabarmar ƙofar gidansa, kowa ya sa hannu a na kowa, shi ne kuma uban tafiya. Yanzu yana daga zaure yana jin dariyarsu, yana aika uzuri. Yau mura, gobe ciwon kai. Ran nan ya aika cewa azumin nafila yake yi, sai ya jiyo muryar Malam Zaharaddeen, taubashinsa kuma amininsa, yana cewa, "Wanga wane irin azumi ne da ba a shan ruwa da Magariba?" Aka kwashe da dariya, shi kuwa ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Magana ta fara yawo a gari. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce karayar arziki, wasu suka rage murya suka ambaci ciwon da ba a son faɗa. Wata safiya ya daure ya leƙa bakin ruwa, sai ya ji wata mai banda tana ce wa 'yar'uwarta, "Wai Alhaji ne wancan? Ni hwa riga na gani tana tahiya, ban ga mutum ciki ba."

Ya dawo gida yana huci, ya ce wa Sa'adatu ta tuƙa tuwon shinkafa, yau zai fita ciyayya.

"Alhaji, ɗinkin bai warke ba," in ji ta. "Ka hwaɗa musu gaskiya mana, mi za su yi maka?"

"Cikina ne ko naki?"

"Naka ne. Amma wallahi ba da hannuna ba."

Inna ma ta sa baki daga ƙofar ɗakinta, ta ce sauri ya haifi nawa, bai ko juyo ba. Sa'adatu ta ƙi ɗora tukunya, tana ganin ta yi maganin abin. Ta manta cewa a ciyayya, wanda gidansa bai fito da komai ba ma yana da rabo a tiren kowa.

Da ya fito, aka yi ta murna. Zaharaddeen ya jawo tiren gidansa, ya zaɓo kan kifi giwan ruwa, wanda a tabarmar nan na Alhaji ne tun fil azal, ya tura masa. "Bisimilla, mai gida. Ci ka kunyata maƙiya." Duk ido ya dawo kansa. Kalma ɗaya ce za ta fid da shi, amma girman kai ya riƙe masa harshe. Ya yanko loma irin tasa ta da, ya haɗiye. Ya ƙara. Wani abu ya tokare masa ƙirji kamar ya haɗiyi dutse, gumi ya karyo masa, amma ya ci gaba da murmushi har aka kira Isha'i.

Washegari ya tashi da zazzaɓi, zuciya na dukan ƙirji, kafaɗar hagu na sara. Ya tuna gargaɗin likita sarai, ya ɓoye wa Sa'adatu, ya zura babbar riga ya nufi bakin ruwa don a gan shi a tsaye. Bai kai ga jirginsa ba ya yanke jiki ya faɗi a tsakanin kwandunan kifi, ranar kasuwa, a gaban duk waɗanda yake gudun idonsu.

A asibitin gari Sa'adatu ce ta ɗaga murya tana kuka, ta faɗi aikin da aka yi masa kowa na ji. Ma'aikata suka ce ɗinki ne ya buɗe, a wuce da shi babban asibiti maza-maza. Zaharaddeen ne ya tallafe kan Alhaji a cinya duk tsawon hanya. Aka sake yanka shi, ya sha da ƙyar. Watanni ya yi ana ba shi abinci ta roba a hanci, kakar kifi ta zo ta wuce yana kwance.

Ranar da ya fara gane mutane, ya ga Zaharaddeen a bakin gado, idanu jajur.

"Ni na tura maka kan kifin nan da hannuna," in ji shi. "Da ka tahi, da wane ido zan dubi Inna? Ka ji kunyar hwaɗa muna kana jinya, amma ba ka ji kunyar sa ni in kashe ka ba?"

Hawaye suka zubo wa Alhaji Sufyanu.

Da ya dawo Yelwa, yammacin farko ya fito ƙofar gida a hankali, riƙe da ɗan kofinsa, ya shirya faɗin gaskiya da bakinsa ko da za a yi masa dariya. Sai ya tarar kusa da kowane tire an ajiye ɗan ƙaramin kwano a rufe. Wannan gida kunu, wancan romo tatacce, wancan kindirmo. Zaharaddeen ya matsa masa wuri ya ce, "Zauna, mai gida. Wanga kam kana iyawa." Sai a lokacin ya gane cewa da ya buɗe baki tun ranar farko, abin da zai tarar ke nan.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, neman magani ba abin kunya ba ne, kuma aikin likita rabin waraka ne, sauran rabin haƙurin majinyaci ne da bin doka. Wanda ya ɓoye ciwonsa don gudun bakin mutane ya hana masoyansa taimakonsa, har ma yana iya sa su cuce shi da kyakkyawar niyya. Ka faɗa wa na kusa da kai halin da kake ciki, ka bi jiki a sannu, domin surutun gari yana wucewa, rai kuwa in ya fita ba ya dawowa.